Ranar da Muka Soya Man Khala Na'ima

Kafin in fara, ya kamata in faɗi cewa shekaru sun ja, kuma ni ba mai saurin yarda da ƙwaƙwalwata ba ce. Akwai abin da nake gani sarai kamar jiya aka yi shi, akwai kuma wanda nake zargin daga bakin Umma na ji shi sau da yawa har na ɗauka idona ne ya gani. Zan rubuta abin da na riƙe, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Wata Juma'a ce, ina aji shida na firamare. Ajin na tabbatar da shi, watan ne nake kai-kawo tsakanin Rajab da Sha'aban, amma dai ana zafin nan na Jidda mai danshi, wanda mutum zai fito daga wanka ya ji kamar bai goge jiki ba. Muna zaune a ƙasa a ɗakin su Siham, ƙawata 'yar Maroko, ni da ita da iyayenta biyu, mun kewaye wani faffaɗan akushin yumɓu da suke kira gas'a. An tara kuskus a ciki kamar tudu, an jero kabewa da karas da kabeji daga sama zuwa ƙasa, nama yana tsakiya a ƙarƙashin albasa da zabibi. Ni kuwa ina durƙushe da littafin rubutu a kan cinya, har sai da mahaifiyarta, Khala Na'ima, ta miƙo hannu ta rufe shi, ta ce, "Ya binti, 'yata, littafin nan ba ya jin yunwa. Bismillah."

Aikin makaranta ne ya kai ni gidan. Abla Nura, malamarmu ta darasin kula da gida, ta raba mu biyu-biyu, ta ce kowace ta je gidan 'yar'uwarta ta ga yadda ake dafa abincinsu, ta rubuta, sannan a kawo shi aji a ci tare. Ajinmu kuwa ya dace da irin wannan aiki, don akwai 'yan Yaman da 'yan Sudan da 'yan Burma, ga mu Hausawa da kakanninmu suka zo aikin Hajji suka zauna. Siham ce kaɗai 'yar Maroko. A aji huɗu ta zo mana, mahaifinta mai sassaƙar jibsi ne, yana ƙawata rufin manyan gidaje a arewacin gari. Larabcinta mai sauri ne, kamar tana haɗiye rabin kalma, kuma wasu 'yan aji sukan kwaikwaye ta a lokacin fita shan iska har ta rage magana. Ni ma na san zafin tsokana ta wani ɓangaren, don haka benci ɗaya ya haɗa mu, muna raba burodin tamis da cuku, muna carafke da duwatsun da take ɓoyewa a aljihun rigar makaranta.

A ranar na ga abubuwan da ban saba gani ba, na kuma rubuta su duka da lamba. Kowa daga gabansa yake ci, ba a tsallaka zuwa gaban wani. Ba a taɓa nama sai uwar gida ta raba shi da hannunta ta tura wa kowa rabonsa, kuma na lura ta tura mini mafi taushi. Khala Na'ima takan ɗebi kuskus ta jujjuya shi a tafin hannu sau biyu ko uku ya dunƙule kamar ƙwai. Da na gwada, hannuna da ya saba da tuwo ya matse shi, ya watse mini a cinya, baban Siham ya miƙo mini cokali yana kallon wani gefe don kada in ji kunya. Bayan an gama ya zuba shayi mai na'a-na'a daga can sama, siririn ruwa yana sauka a ƙaramin kofi har ya yi kumfa. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wani ɗanɗano a cikin kuskus ɗin kansa, mai nauyi, mai ɗan gishiri, wanda ke zama a bayan harshe. Na duba jerin kayan da na rubuta ban ga abin da zai ba da shi ba. Daga baya na gane dalili. Gab da turarawa ta ƙarshe Khala Na'ima ta aike mu kanti sayo nono, a lokacin ne ta sa abin da ban gani ba.

An shirya cewa a gidanmu za a dafa na makaranta, domin kicin ɗinsu ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki, madambacin Khala Na'ima kuma na gida ɗaya ne. Mu kuwa a unguwar Nuzla gidanmu tsohon gini ne mai tsakar gida, kuma kakata, wadda muke kira Kaka, ita ke yi wa mutanenmu dambu idan ana suna ko walima. Madambacinta sai mutum biyu suke ɗaga shi. A tsakar gidan nan na girma. Nan muke jera jarkoki ranar da ruwa ya zo, nan nake tsince shinkafa da gyaran zogale, nan Baba yake kwance takalmansa masu nauyi idan ya dawo daga aiki a Madinar Masana'antu. Da la'asar mukan hau soro mu zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi, mu yi ta tsalle har Kaka ta buga sanda a bango. Ta sa mini suna Malama, saboda a cewarta ko ruwa aka aike ni in kawo sai na tambaya kofi nawa, na sake dawowa na tambaya mai sanyi ko marar sanyi.

A lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne, ranar Asabar ake komawa makaranta. Don haka bayan la'asar baban Siham ya kawo ni gida da kayan girkin gaba ɗaya, a kan cewa Khala Na'ima za ta zo bayan sallar asuba. Da za mu fito ta ba ni wata ƙaramar kwalba a naɗe da tsumma, ta sa ta a hannuna biyu, ta ce, "Wannan ke na ba wa. Ki kula mini da ita." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Wanda ya san ni ya san abin da "ki kula" yake yi mini. Na ajiye kwalbar a kan kanta, na ga kamar za ta faɗo, na sauke ta. Na sa ta a kusurwa, na tuna da tururuwa. A ƙarshe na ce bari in duba ko murfin ya rufu da kyau, sai na buɗe. Warin da ya bugi hancina ba zan iya kwatanta shi daidai ba. Man shanu ne, amma ya yi fari-fari da ratsin ruwan toka, yana wari kamar cukun da aka manta a mota. Nan take na hango 'yan ajinmu suna toshe hanci, na hango masu kwaikwayon Siham sun samu abin yi har ƙarshen shekara, na kuma hango wata ta yi ciwon ciki an ce daga gidanmu aka kawo. Na ruga wajen Kaka.

Kaka ta shinshina, ta kau da kai, ta sake shinshinawa. Ta ce, "Allah sarki, baƙuwa ce, ba ta san zafin garin nan yana kashe mai ba. Malama, kawo albasa." Na tambaye ta ko mu kira Khala Na'ima a waya, ta harare ni. "Ki ce mata me? Manki ya ruɓe? Ana gaya wa mace haka? Gyara shi za mu yi, mu yi shiru." A wurinmu haka ake yi wa man shanu idan ya fara juyawa, kuma Kaka ta fi kowa iyawa. Ta narka shi a ƙaramar wuta, ta yanka albasa, ta jefa citta da kanumfari, ta tsaya a kansa har kumfa ya kwanta, albasar ta yi ja. Da ta tace, gishiri ya taru a gindin tukunya, ta ce, "Wannan gishiri kamar za a jeme fata." Man ya ragu sosai, bai kai rabin kwalbar ba. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko nata man shanun, wanda wata 'yar'uwarta ta kawo mata daga Najeriya lokacin Umara, wanda ko mu jikokinta sai ranar Sallah muke ganinsa a miya, ta cika kwalbar da shi. Ya fito garau, launin zinariya, yana ƙamshi. Na naɗe shi da tsumman ina jin na yi aikin kirki.

Umma ta je gaishe da 'yan'uwa a unguwar Ruwais, sai gab da magariba ta dawo. Ta ji ƙamshi, na ba ta labari ina alfahari. Ta tsaya da abaya a hannu, ta ce, "Kun tambaye ta?" Na ce a'a, sai a lokacin na fara shakkar abin da muka yi.

Da asuba Khala Na'ima da Siham suka iso. Aka kunna wuta, aka ɗora nama, ta nemi kwalbarta. Ta warware tsumman, ta ɗaga ta wajen hasken ƙwan lantarki, ta buɗe, ta kai hanci. Ta zauna a kan turmin Kaka da ke kife, kwalbar a cinyarta. Siham ce ta yi magana, kuma a hankali ta yi ta, yadda kowa zai gane. Ta ce sunansa siman, da gangan ake barinsa ya tsufa, tsufan ne darajarsa. Ta ce kakarta ta wajen uwa ce ta cuɗa shi da hannunta a ƙauyensu, kuma ta rasu bayan zuwansu Jidda, Khala Na'ima ba ta samu zuwa jana'iza ba. Wannan kwalbar ce ta rage. Ba a buɗe ta sai ranar idi ko don baƙon da ake girmamawa, a ɗebi kan cokali. Sai na gane ɗanɗanon jiya, na kuma gane don wa aka buɗe ta.

Na ce ni ce na buɗe, ni ce na kai wa Kaka. Ina jin na faɗa sau uku, cikin Larabci da Hausa, ina kuka. Kaka ta dafa bango ta durƙusa a gaban Khala Na'ima, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta ce, "'Yata, na ɗauka asirinki nake rufawa." Khala Na'ima ta yi sauri ta ɗaga ta, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Halas, ya wuce, Hajiya. Yara suna jiran abinci."

Aka yi girkin kuwa. Abin da nake tunawa shi ne shirun da aka yi shi a ciki, da hannuwa huɗu a cikin babban tire. Khala Na'ima ta juye kuskus mai tururi, ta yayyafa ruwa, tana shirin nuna yadda ake murza shi, sai ta ga Kaka ta riga ta sa hannu tana warware shi tsakanin tafukanta, ba ta ko jin zafi. Da aka mayar da shi kan wuta, Kaka ta jiƙa tsumma da ƙullu ta liƙe tsakanin madambaci da tukunya, daidai yadda na rubuta jiya a littafina cewa 'yan Maroko ne suke yi. Khala Na'ima ta dube ta. Kaka ta ce, "Dambu ne ai, ya yi tafiya." Na ga gefen bakin Khala Na'ima ya motsa, ko da yake ba zan rantse murmushi ne ba. A turarawa ta uku ita da kanta ta ɗebi soyayyen man ta murza a ciki.

A makaranta an cinye tas. Abla Nura ta yaba, har waɗanda suke kwaikwayon Siham suka dawo neman ƙari, ɗaya ta tambaye ta yadda ake dunƙula shi a hannu. Abin da na so ya faru ya faru, amma Siham ba ta kalle ni ba. Ta karanta nata bayanin, na karanta nawa, muka koma benci ɗaya kowa ya matsa ƙarshensa. Haka muka yi mako guda da 'yan kwanaki. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ba, duwatsun carafke ne dai ba su sake fitowa daga aljihu ba. Na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri har kala huɗu, ban ba ta ko ɗaya ba, saboda kowacce na karanta sai in ga kamar kare kaina nake yi.

Kaka ce ta gaji da ganina ina tsince shinkafa ina hawaye. Wata Alhamis ta sa abayarta, ta ƙulle wani abu a leda uku, ta ce in wuce gaba zuwa gidan su Siham. Ba ta son hawa bene, amma ta hau har hawa na uku tana hutawa a kowane. Bayan gaisuwa da shayi ta kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Khala Na'ima curin daddawa, ta ce, "Shinshina." Khala Na'ima ta kai hanci, ta ja da baya tana tari, Siham ta ruga ta buɗe taga. Kaka ta ce, "To kin ji tawa dukiyar. Shekarar da aka kawo ni garin nan, wata maƙwabciyata ta share mini ɗaki ina asibiti, ta zubar mini da ita kaf, ta ce ɓera ne ya mutu a tukunya. Wata biyu ban gaishe ta ba. Kuma ni ce yau na soya miki naki." Khala Na'ima ta fara dariya, ta yi ta yi har ta koma kuka, Kaka ta riƙe mata hannu. Sai Khala Na'ima ta tashi ta ɗauko kwalbar daga kabad. Ashe ba ta zubar ba. Ta ce, "Hannun uwata yana ciki har yanzu. An dai ƙara masa na wata uwar."

A ranar ta aiki ni da Siham kanti sayo man shanu marar gishiri. A kan bene Siham ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke ko wasiƙa aka ba ki ajiya sai kin gyara mata rubutu." Na ce gaskiya ne. Ta ce, "Yalla, yi sauri," ta kama hannuna.

Khala Na'ima ta tafasa wani ganye mai ƙamshi da suke kira za'atar, ta bar ruwan ya huce, ta sa mu wanke hannu har gwiwar hannu. Muka cuɗa man da gishiri da ruwan, muka matse, muka sake cuɗawa, har yatsuna suka yi sanyi. Ta danna shi a kwalba biyu yadda iska ba za ta samu wuri ba, ta liƙe bakin da ƙullu. Ta ba ni ɗaya, wannan karon da cikakken bayani: wuri mai duhu, ba firij ba, kuma kada a buɗe sai shekara ta zagayo. Ta ɗaga mini yatsa ta ce, "Aikinki ɗaya ne, ya binti. Ki ƙyale shi." A duk ayyukan da aka taɓa ba ni, har da na jami'a, ban tuna wanda ya fi wannan yi mini wuya ba. Kullum sai na leƙa ƙarƙashin gadon Kaka na haska kwalbar, ina ganin launinta yana sauyawa, zuciyata tana ce mini ya lalace. Kaka takan ce, "Malama, fito daga nan, ba ya buƙatar malami." Ban buɗe ba. Da shekara ta cika aka buɗe ta a tsakar gidanmu, ranar Juma'a, aka yi kuskus a madambacin Kaka, aka kuma yi miyar kuka da daddawa a gefe. Khala Na'ima ta ci loma biyu ta miyar don kara, Siham ta ci har ta ƙara.

Muna aji biyu na babbar sakandare aikin baban Siham ya ƙare, suka koma Maroko gaba ɗaya. Mun yi ta saƙo na ɗan lokaci, sai lambarta ta daina shiga. Kaka ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Layinmu na Nuzla yana cikin waɗanda aka rushe, yanzu muna zaune a bene, madambacin yana saman kabad don babu murhun da zai ɗauke shi. Kuskus kuwa ana sayar da shi a kwali, a zuba ruwan zafi minti kaɗan ya yi, kuma ba na raina shi, nakan yi shi idan na dawo a gajiye. Sai dai babu wanda ke zama a gefenka ya sa hannu a tire. Ba na cewa da ta fi yanzu ta kowace fuska, don na tuna jarkokin ruwa da ɗaukewar wuta. Abin da na sani shi ne a wancan lokacin mata biyu da ba su gama jin Larabcin juna ba sun gane juna ta hanci da tafin hannu.

Idan wannan rubutu ya kai ga wata da ta zauna a ajin Abla Nura, ina roƙonta ta gyara mini inda na kauce, ko a watan ne, ko a yawan kwanakin da muka yi ba ma magana. Idan kuma ya kai gare ki, Siham, ke ce kika fi kowa haƙƙin gyara shi. Ki gaya wa Khala cewa akwai kwalba a ƙasan kabad ɗina, ni na cuɗa da hannuna, ta shiga wata na goma sha ɗaya. Ban buɗe ba.